Gatifloxacin na ido ga mai ciwon suga: mu ɗiga ko mu bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu mai ciwon suga ne, yana shan glibenclamide, maganin rage suga. Idonsa ya yi ja yana kwantsa, likita ya rubuta masa gatifloxacin na ɗigawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai ƙanena ya ce ai an janye maganin daga kasuwa saboda yana rikita suga. Ina neman shawara.

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanen naki ya tsinci zancen ne a tsakiya. Wanda aka janye na sha ne da na allura, mai suna Tequin, kamfanin Bristol-Myers Squibb ya daina sayar da shi a 2006. A kwanakin farko yakan tunzura gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ta zubo shi fiye da kima, suga ya faɗi warwas. Bayan 'yan kwanaki kuma sai insulin ɗin ya yi ƙaranci, suga ya haura, har ga wanda bai taɓa ciwon ba. Tsofaffi, masu raunin ƙoda da masu shan irin maganin Baba su suka fi ji a jikinsu. To amma ki duba lissafi: ƙwaya ɗaya miligiram 400 ce, ɗigo ɗaya kuwa bai wuce rubu'in miligiram ba. Abin da ke isa jini bai taka kara ya karya ba. Ku ɗiga.

Ma'aikaciyar jinya: Ki wanke hannu, ki ja fatar idon ta ƙasa, ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalbar ya taɓi ido. Ya rufe idon, ki danne kusurwar da ke jikin karan hanci na minti biyu, don ta nan maganin ke gangarawa maƙogwaro. In da wani maganin idon, a bar tazarar minti 5. Kada a tsaya don jan ya washe, a cika kwanakin da likita ya rubuta.

Wani ɗan uwa: 'Yar uwa, inda za ki sa ido shi ne dangin gatifloxacin na sha, ciprofloxacin da levofloxacin. A 2018 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta tsaurara gargaɗi a kansu kan faɗuwar suga. Duk ranar da aka rubuta wa Baba su, ki gaya wa likita yana shan glibenclamide. In kin ga zufa, karkarwa ko sambatu, ki gwada sugansa. In ya yi ƙasa da 70 mg/dL, ki jiƙa masa sukari cokalin shayi huɗu in yana iya haɗiya, ki sake gwadawa bayan minti 15, sannan ku wuce asibiti, domin faɗuwar da glibenclamide ke jawowa takan dawo bayan awanni.