Mu daina biyan harajin gida sai ruwa ya dawo?

Alhaji Ɗanladi: Salamu alaikum jama'ar unguwa. Famfonmu ba ya kawo ruwa sai bayan sha biyun dare, shi ma kamar hawaye. Shawarata ɗaya ce, mu haɗa kai mu ƙi biyan harajin gida na bana. Ba ruwa, ba haraji.

Hajiya Uwani: Wallahi ina bayanka Alhaji. 'Ya'yana ba sa barci, suna zaune gindin famfo da jarkoki har asuba, da safe a ce su tafi lakwal.

Malam Isuhu: Alhaji, a yi mini afuwa, amma jifar ta wuce kan tsuntsu. Harajin gida ba ya shiga aljihun kamfanin ruwa. Ofishin haraji ne ke karɓa, kashi 0.1 cikin ɗari na darajar fili da ginin, wato gidan sefa miliyan 10 zai biya dubu 10 a shekara. Kuɗin na ƙananan hukumomi ne, komin-komin ɗinmu na Garwa a nan Kamaru da majalisar birni, wani kaso kuma ya bi ta FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. Kamfanin ruwa da takardar kontar, wato mitar ruwa, yake ci. Ka ƙi biya, tara za a ɗora maka, su ko a jikinsu.

Alhaji Ɗanladi: To Malam, duk ba gwamnati ɗaya ba ce? Tun 2018 rabon ruwa ya koma hannun kamfanin gwamnati. Aljihun dama da na hagu duk na riga ɗaya ne.

Malam Isuhu: Asusun dai daban-daban ne, Alhaji. Abin da doka ta ba komin a harkar ruwa shi ne rijiyoyi da burtsatse a inda bututu bai kai ba. A can za ka iya tsare su da tambaya.

Usumanu mai gyaran famfo: Iyayena ku bar ni in sa baki, aikina ne. Ruwa daga shato, wato babban tankin ruwa na sama, nauyinsa ne ke turo shi. Duk mita 10 na tudu tana cinye kusan bar ɗaya na ƙarfinsa (bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne), shi ya sa na gangare ke wanka, na kan tudu na kallo. Idan wuta ta ɗauke, injinan da ke cika shato sun tsaya, kuma kun san halin da tashar wutar Lagdo ke shiga idan ruwan dam ya ja baya da rani. Sannan ga abin da ba a son faɗa: a layinmu akwai gidajen da suka ɗaura injin zuƙo kai tsaye a jikin bututu. Suna kunnawa, maƙwabci sai iska, kontar kuma tana juyawa da iskar nan.

Hajiya Uwani: Usumanu, kai ka ɗaura musu ai!

Usumanu mai gyaran famfo: Hajiya, na ce su sa tanki a ƙasa injin ya ja daga ciki, suka ce tsada.

Alhaji Ɗanladi: Ni dai ban janye ba. Ko kuɗin na komin ne, magajin gari yana da bakin da ba ni da shi. Ya je ya buga tebur.

Malam Isuhu: Wannan na yarda. Amma da rasit a hannu za mu fi ƙarfin magana. Mu rubuta takarda biyu, ɗaya ga magajin gari, ɗaya ga kamfanin ruwa, mai unguwa ya sa hannu.

Hajiya Uwani: Ku rubuta. Masu injin fa, wa zai ƙwanƙwasa musu ƙofa? Ɗaya daga cikinsu yana karanta mu yanzu haka, ya yi shiru.