Masu bincike sun zo ƙungiyarmu a Bronx, wane sharaɗi za mu gindaya musu?

Ɗan Zongo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasu masu bincike daga wata jami'a sun tuntuɓi ƙungiyarmu a Bronx da ke birnin New York, wadda galibin 'yan cikinta mutanen Ghana da Nijar ne. Suna so a yi nazari kan ciwon hanta nau'in B da hawan jini a tsakanin 'yan Afirka ta Yamma, kuma sun ce wai mu ne za mu ja ragamar aikin. Yaya ake gane da gaske suke, ba aron sunanmu da masallacinmu kawai suke so ba? Me ya kamata a rubuta kafin a fara?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Malam, abu uku ne ke nuna wanda ke riƙe da aiki: wa ya zaɓi tambayar, kuɗi a hannun wa suke, bayanan kuma na wa ne. Idan sun zo da tambayoyi a buge, kasafi a kulle, aikinku kawai tara mutane bayan Juma'a, to 'yan rakiya ne ku.

Ku kafa kwamiti tukuna, mutum takwas zuwa goma sha biyu, kada ya zama limamai da shugabannin ƙungiya kaɗai. A sa direban tasi, mai kitso, mai kula da tsofaffi a gida, da matashin da aka haifa a nan. Sannan a rubuta yarjejeniya. A ciki a faɗi kason ƙungiya a kasafi, kuma ya shigo asusunta kai tsaye; a biya 'yan kwamiti lokacinsu; kada a buga sakamako sai kwamiti ya gani; a sa sunan 'yan al'umma cikin marubuta. Sharaɗin da bai kamata ku sassauta ba shi ne na jini: me za a gwada, ina za a ajiye shi, yaushe za a zubar da ragowar. A 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona sun ɗebi jinin ƙabilar Havasupai, 'yan asalin ƙasar Amurka, da sunan nazarin ciwon suga, daga baya aka yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilar. Sai a 2010 aka sasanta, aka biya dala 700,000 aka mayar musu da jininsu.

Idan kuna son ganin wanda ya tafi daidai, ku duba haɗin gwiwar Rochester a Minnesota. Ya fara a 2004 tsakanin asibitin Mayo da makarantar manya ta Hawthorne, saboda makarantar ce ta damu da tarin fuka a cikin ɗalibanta baƙi. Damuwar daga wurin mutane ta fito, likitoci suka biyo baya.

Hajiya Rabi:
Malam Bala ya gama magana kan takarda. Ni ta ɓangaren gwajin zan shiga, domin a nan ake yawan cutar da mutane ba da niyya ba.

Kada a ɗebi jinin kowa sai an san inda za a tura wanda aka samu da cutar. Mutum ba shi da inshora, an ce masa yana da ciwon hanta, an naɗe tabarma an tafi: an ƙara masa fargaba ne kawai. Ku nemi a sa albashin mutum guda cikin kasafi, mai jin Hausa da Faransanci, wanda aikinsa kiran waya da raka mutane asibiti. Shirin NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, yana karɓar mazauna birnin ba tare da la'akari da takardun zama ba, don haka akwai inda za a kai su.

Gwajin ciwon hantan ya zama guda uku tare: HBsAg, anti-HBs da anti-HBc, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawara a 2023. Na farko kaɗai ba zai nuna wanda ke buƙatar rigakafi ba. A kuma gaya wa mutane tun farko cewa a yankinmu na Afirka ta Yamma yawanci tun ƙuruciya ake kamuwa, wasu a wurin haihuwa. In ba a faɗi haka ba, sakamako zai zama zargi tsakanin miji da mata. Kuma a ba da shi a keɓe, ba a harabar masallaci ba.

Awon hawan jini kuwa, mutum ya zauna minti biyar, a auna sau biyu, a tanadi babban maɗauri ga masu kaurin hannu, don ƙarami yana ɗaga adadin. In sun ƙara ciwon suga, ku tambaye su ko gwajin suga na HbA1c kaɗai za su dogara da shi. Masu ɗauke da ƙwayar sikila suna da yawa a cikinmu, kuma gwajin kan iya ba da sakamakon da ba daidai ba a jikinsu.

Abu Maryam:
Ƙari kaɗan. Kada a tambayi kowa matsayin takardunsa, ko a rubuce ko da baki. Tambaya ɗaya irin wannan ta isa ta watsa taro. Ku tambaya ko suna da takardar sirri ta NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, wadda tun 2017 ake ba binciken da hukumar ta ɗauki nauyi idan yana tattara bayanan sirri na mutane, tana kuma kare bayanan mahalarta ko da kotu ta nema.

A rubuta ƙasar haihuwa, harshe da shekarun da mutum ya yi a Amurka. In ba haka ba za a zuba ku cikin rukunin baƙar fata gaba ɗaya, bambancin da kuke nema ya ɓace. Tambayoyin a gwada su a kan mutum biyar zuwa goma kafin a buga, kowa ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Zaman tattaunawa mata daban, maza daban, mutum shida zuwa takwas, kuma a kauce wa watan azumi.

Ɗan Zongo:
Allah ya saka da alheri. Za mu zauna da su ranar Lahadi, kuma kasafin za mu fara nema su buɗe mana.