Gori na raba marasa lafiya da allurarsu, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai da ma'aikatan lafiya. Abin da ya gagara a Agege da Idi-Araba na Legas shi ne, da mai taɓin hankali ya samu sauƙi sai dangi su daina kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, gudun bakin mutane, musamman budurwar da ake maganar aurenta. Allurar fluphenazine kuwa, wadda ake yi wa masu taɓin hankali, duk mako 2 zuwa 4 ake yi. In aka yanke, rashin barci da sambatu sukan dawo. Rawar hannu da dalalar miyau, illar maganin da likita ke iya gyarawa, su ke jawo nuni a kasuwa. Don Allah wa ya dace ya fara tunkarar iyaye, liman ko Sarkin Hausawa? Da wace kalma, ban da "mahaukaci"?