Wa ke da alhaki idan kwantena ta makale a tasha?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nazari a kan tashoshin da ake sauya wa kaya abin hawa, daga jirgin ruwa zuwa jirgin ƙasa ko tirela, sai wani abu ya ɗaure mini kai. Idan kwantena ta kwashe kwanaki a fili ba ta motsa ba, hukumar tasha ce da laifi, ko kamfanin da ke da injinan ɗaga kaya?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam, Malam. Sai ka fara bambanta mai gida da ɗan haya. A yawancin manyan tashoshi, hukuma ce ke riƙe da filin, da hanyar ruwa, da layukan dogo na ciki, sannan ta ba kamfanoni hayar shekaru masu yawa, su kuma su zuba injina, su ɗauki ma'aikata, su sauke kaya. A Duisburg ta Jamus, inda kogin Ruhr ya haɗu da Rhine, jihar da birnin yake cikinta ke da kashi biyu bisa uku na kamfanin da ke matsayin mai gidan tashar, birnin kuma sauran. Kamfanin sauke kaya ake fara tuhuma, amma idan layin dogo ne ya cushe, maganar ta koma kan mai gida.

Amsa ta biyu: Ni kam ina ganin tun daga takarda ake samun cikas. Kwantena na tafe da lambarta da hatimin ƙarfe a ƙofa, kuma muddin kwastan ba su sake ta ba, ba mai ɗora ta a jirgin ƙasa, shi kuwa jirgin yana da lokacin tashi, ba ya jiran kowa. Sai a mayar da ita cikin tsibi, a ɗora wasu uku a kanta, gobe sai an sauke ukun kafin a ciro ta. Da kwanakin rangwame, wato na ajiya kyauta, suka ƙare, mai kaya ke biyan kuɗin ajiya ga kamfanin sauke kaya, da kuɗin jinkiri ga kamfanin jirgin ruwa, ko da ba shi ya jawo tsaikon ba.

Amsa ta uku: Tsarin shugabanci ma yana tasiri. A jihar Washington ta Amurka, tun dokar 1911, jama'ar yanki ke zaɓen kwamishinonin tasha, tashar birnin Seattle da ke jihar ma haka take, don haka wanda tireloli suka toshe wa hanya yana da inda zai kai kuka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To a irin wannan tsari, wa ke amincewa da kuɗin hayar da ake yanka wa kamfanonin, kwamishinonin ko manajan da suka naɗa?