Musayar waƙa: kore fari kore da tutar maƙwabta

Malam na Fagge:
Salamu alaikum yan uwa, yau kan tuta zamu taɓa, duk mai baiti ya sako amma dan Allah a riƙe amsa-amon "ta" kar a watsa mana layi.

Bismillah na ɗau alƙalami zan rubuta,
Kore fari kore, ita ce mana tuta,
Taiwo Akinkunmi ɗalibi shi ya zana ta,
Yana karatu a Landan ya shiga gasa da ita,
A 1959 ta ci, fam 100 ne ladanta,
Ran 1 ga Oktoba 1960 aka ɗaga ta.

Ɗan Damagaram:
Malam ka buɗe da kyau, to ga tamu ta Nijar.

Taku a tsaye take, tamu a kwance aka jera ta,
Ruwan goro a sama, hamada ce da rairayinta,
Fari a tsaka, ga rana zagaye a ƙirjinta,
Tsanwa a ƙasa, kudu mai gero da albarkarta,
Tun Nuwamba 1959, kafin 'yanci muka tsai da ta.

Bakatsiniya:
Yaya na Damagaram ai ranar nan ta tsakiyar tutarku mu ma saura kaɗan mu samu a tamu wlh

Zanen farko da jar rana a kan farinta,
Alƙalan gasa suka ce a'a, aka share ta,
Ni dai da an bar mana, da na fi ƙaunarta.

Manomi daga Zamfara:
Ku yi haƙuri ni nawa baitin da zafi yake, dan duk sanda na ga tutar nan a makarantar yaranmu sai raina ya sosu, an ce kore noma ne fari zaman lafiya, to mu nan duka biyun muke nema.

Koren nan gona ce, mu ne masu noma ta,
Dalar gyada a Kano da guminmu aka gina ta,
Yau gonar babana ciyawa ta cinye ta,
Ɗan bindiga ya tare hanya, wa zai kai ga bakinta?
Wanda ya shuka ma sai ya biya kafin ya girbe ta,
Damina ta zo ta wuce, rumbu bai ga hatsinta,
Ina son tutar nan, ban taɓa ƙin ta,
Farin nake roƙo ya iso ƙauyenmu mu huta.

Malam na Fagge:
Allah ya kawo sauƙi ɗan uwa, wallahi ka sa jikina yayi sanyi. Shi kansa mai zanen sai 2014 ya samu lambar girma ta OFR, ya rasu a 2023.

Ɗan Damagaram:
Baba na Zamfara kukanka ya iso mu.

Mutanenku da suka tsallako, Maradi ta buɗe ƙofarta,
Tuwo ɗaya muke ci, iyaka ba ta raba 'yan uwanta,
Allah ya maida kowa gonarsa ya nome ta.

Amin. Hajiya Bakatsiniya baiti uku kawai kika bamu fa, muna jiran ƙari.