Auna juriyar tsokokin ciki da baya: me kuka gani da idonku?

Kocin matasa, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya na auna 'yan ƙwallona 18 a filin wasa na Haliru Abdu. Kowa ya kifa, ya dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar sanda, ni kuma ina riƙe da agogon waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaron da ya fi kowa ɗaga ƙarfe bai kai sakan 50 ba ƙugunsa ya lotsa, alhali wani siriri mai tsaron gida ya haura minti 2. Ko akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, Gusau: Wa alaikumus salam, Koci. Muna ganin haka kullum, domin ƙarfi daban, juriya daban, kuma aikin tsokokin da ke tallafe ƙashin baya shi ne su daɗe suna riƙewa ba tare da sun saki ba. Mu mun fi amfani da gwajin Biering-Sørensen, wanda aka wallafa a 1984 daga Denmark: mutum ya kifa a kan gadon gwaji, a ɗaure ƙafafunsa, daga ƙugu zuwa kai ya fito waje babu matallafi, hannuwa a harɗe a ƙirji, idan ya kai sakan 240 a tsayar da shi. Binciken ya nuna cewa mazan da bayansu ke saurin gajiya sun fi fuskantar ciwon baya na farko a cikin shekarar da ta biyo. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya haɗa shi da gwajin ciki da na kwiɓin dama da na hagu (inda mutum ke kwanciya ta gefe, ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, ya ɗaga ƙugu daga ƙasa), domin a kwatanta su da juna. Wanda bayansa ke ciwo a lokacin kuwa, ba na ɗora shi a gadon nan.

Ɗan kokawa, Argungu: Hajiya, na kwiɓin nan ne ya tona abin da ke damuna. Ta dama na yi sakan 95, ta hagu kuwa kafaɗata ta fara rawa tun a 60. Shekara da shekaru ta ɓangaren dama nake ɗaukar abokin karawa, kuma a hagun ne ciwo ke tashi idan an watse daga fage.

Malamin wasanni, Ƙauran Namoda: Koci, ka kula da tsayuwar jikin tukuna kafin agogo. Na taɓa rubuta wa ɗalibi minti 3, daga baya na gane ɗaga ɗuwawu ya yi sama yana hutawa. Yanzu nakan ɗora sanda a bayansa, ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙugu. Da ta rabu da wuri ɗaya sai in yi gargaɗi, karo na biyu in tsayar da agogo. Da hantsi nake aunawa, kafin atisaye, kuma nakan hana abokansa yi masa kirari, domin na ga zuga kaɗai tana ƙara wa yaro sakanni masu yawa.