Neman kalma: mi za mu ce ma "conjugaison" da Hausa?

Maman yara, Tawa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min da kalma guda. Ɗiyana biyu a gida nake koya masu karatu bana, babbar matakin CE2 ƙaramin CE1, littattafan lakwal ɗin dai muke bi amma bayani da Hausa nake yi don in ba haka ba sai su haddace ba su san mi sunka haddace ba. Grammaire ba damuwa nahawu ne, verbe aikatau, nom suna, adjectif sifa, phrase jimla. Inda na maƙale shi ne conjugaison, darasin da aikatau na Faransanci ke sake kama bisa ga lokaci da mai aikin, kullum sai in ce ku ɗauko kaye na konjugezon, to shi wanga ba ya da suna ne da Hausa?

Malamin zaure, Yamai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kalmar na nan tun kaka da kakanni, tasarifi. A zaure nahawu daban sarfu daban, sarfu shi ke jujjuya kalma, fa'ala yaf'alu haka dai. Ba sai an ƙago sabuwa ba.

Tsohon mushe (malamin lakwal), Tawa:
Allah gafarta malam gaskiya ne, sai dai masu nazarin Hausa sun riga sun ba tasarifi aiki mai faɗi, ginin kalma gaba ɗaya har da jam'i da jinsi, kuma yaro ɗan shekara 7 in ka ce mai tasarifi ka fidda shi daga baƙuwar kalma ka kai shi ga wata baƙuwar. Ni juyin aikatau nake gani. Koyarwa da Hausa a lakwal ba yau anka fara ba ƙasar nan, tun 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji mai Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma abin da ke saurin zama bakin yara shi ne kalmar da suke ji a gida.

Amma Madam ki lura da abu guda kafin ki rubuta sunan bisa kaye. Kar ki fara da tabulo na je tu il. Ki sa yaron ya faɗi da bakinshi, jiya na ci, yanzu ina ci, gobe zan ci, ki rubuta mai, ki ce ya zagaye abin da ya sake da jan bik. Zai ga "ci" na nan zaune bai motsa ba, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke ɗauke da lokaci da mai aikin. Sannan ki kawo na Faransanci, je parle, nous parlons, je parlerai, ya zagaye kuma, nan ne zai gane su wutsiyar aikatau suke juyawa. Kuma wahalar tasu ita ce wata wutsiyar ba a jin ta, il parle da ils parlent baki ɗaya ake faɗin su sai a rubutu sunka rabu, shi ya sa yaran da ke zuba récitation ba tuntuɓe sai a zo dikte kaye ya cika da ja. Minti 10 kullum ya wadatar, aikatau guda, cikin jimlar da ta shafe shi, ba jeri 6 na hadda ba.

Wata ɗaliba, jami'ar Abdou Moumouni:
Baba mushe juyin aikatau kamar juyin mulki wallahi hhhh. Kuma a yi hankali da cewa aikatau na Hausa ba ya motsi, yana motsi mana, na sayi goro, na saye shi, abin da na saya. Kawai ba lokaci ke motsa shi a nan ba, abin da ya biyo bayanshi ne. Ni da sarrafa aikatau na zaɓa tunda tushensu ɗaya da sarfun malam.

Maman yara, Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Ƙanwata na gwada taki da maraicen nan, na ce yau za mu sarrafa aikatau sai babbar ta ce kamar yadda ake sarrafa gyaɗa a yi ƙuli? Da na ce juya min "finir" zuwa gobe, mu da yawa, nan take ta ce nous finirons. Don haka a gidana dai juyin aikatau ya zauna, don ana iya ba da umurni da shi, juya min kaza, tasarifi kuwa ba ka ce ma yaro tasarifa min. In muna darasin Hausa zalla kuma ba na kiran shi juyi, lokuta nake cewa, shuɗaɗɗe, mai ci, mai zuwa, sabau, sayi da saye kuma sai sun ƙara wayo. Tunda tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa ya kamata irin su INDRAP, cibiyar da ke shirya littattafan lakwal, su watsa jerin kalmomin ga inda iyaye za su gani a waya.

Saura accord, na sujet da verbe, wato dacewar aikatau da mai aikin, shi ne darasin sati mai zuwa. Jituwa na rubuta da fensir, mushe mi ka gani?